YADDA AKA FARA AUNA AL'AMURAN JAMA'A DA LISSAFI

In manoma biyu suna maƙwabtakar gona, kaka ta yi, ɗaya ya ɗaure dami arba'in na gero, ɗayan kuwa ashirin kaɗai ya samu, mutanen gari ba su kan rasa abin faɗi ba. Wani ya ce ai na farkon taki ya zuba tun da rani. Wani ya ce a'a, gonarsa ce a kwari, ta fi riƙe laima. Wani kuma ya ce ku dai ba ku lura ba, 'ya'yansa huɗu ne majiya ƙarfi, ya yi noman fari da maimai kan kari. Kowa cikinsu ya faɗi gaskiya, gama ruwa ba ya tsami banza. Amma da za ka tsare su ka ce, to, cikin damin nan ashirin da ya fi maƙwabcinsa da su, nawa ne na taki, nawa ne na laima, nawa ne na ƙarfin 'ya'ya, sai kowa ya yi shiru.

Akwai wani fanni na lissafi da aka ƙago musamman don raba irin wannan gardama. Reshe ne na ilmin ƙididdiga, watau ilmin tara alƙaluma da tace abin da su ke nunawa. A nan za mu kira shi ƙididdiga mai fuska da yawa, domin ba ta tsayawa ga abu ɗaya ko biyu, sai ta jera biyar, ko goma, ko hamsin, ta auna su gaba ɗaya. A manyan jami'o'in duniya yau, yawancin masu neman digiri mafi girma a fannonin zaman jama'a, kamar su tattalin arziki, da siyasa, da sanin halin ɗan Adam, da sha'anin koyarwa, sai sun sha wannan karatu kafin a sallame su. Digirin nan shi ne na dokta, wanda samari su ke yi wa kirari da digirin digirgir. Ba likitan asibiti a ke nufi ba. Abin ya fi kama da ijazar da babban malami ya kan ba almajirinsa, ya ce na yarda da karatunka, tafi ka karantar da wasu. Bambancin dai shi ne, mai neman dokta ba a sallamarsa sai ya binciko wani abu sabo da kansa, ya rubuta littafi a kai. Nufinmu a nan mu bi asalin wannan karatu, mu ga hannuwan da ya ratsa har ya iso inda ya ke. Yawancin labarin a Ingila da Amurka da Indiya ya auku.

Ƙidayar mutane tsohon abu ne, ba sarkin da ya taɓa karɓar haraji bai ƙidaya talakawansa ba. Amma wanda a kan ce shi ya fara zama ya yi wa alƙaluma tambaya, wani ɗan kasuwa ne na Landan mai suna John Graunt. Cikin 1662 ya buga abin da ya tace daga takardun da a ke fitarwa kowane mako na haihuwa da mutuwa a birnin, ya gano abubuwa da dama, har da cewa 'ya'ya maza da a ke haifa sun ɗan fi mata yawa. Ƙidaya irin wannan ta kan gaya maka nawa ne, amma ba ta gaya maka don me.

Sai da aka yi shekara fiye da ɗari biyu sa'an nan aka sami ma'aunin da zai gwada yadda abu biyu su ke tafiya tare. Wanda ya kawo shi wani attajirin Bature ne, Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin, mutumin da ba abin da ya ke so kamar awo. Cikin 1884, da aka yi wani babban baje koli a Landan, sai ya buɗe rumfa, kowa ya zo ya biya taro, a auna tsawonsa, da nauyinsa, da ƙarfin damƙarsa, da ganinsa, da jinsa. Mutum fiye da 9,000 suka shiga. Ka ji dabara, shi ke bukatar alƙaluman, su ke biyansa! Cikin 1886 kuma ya buga abin da ya gano game da tsawon iyaye da na 'ya'yansu 928 waɗanda suka riga suka girma. Dogaye su kan haifi dogaye, amma galibi 'ya'yan ba su kan kai iyayen ba. Gajeru su kan haifi gajeru, amma 'ya'yan su kan ɗan ɗara iyayen. Karl Pearson, malamin lissafi a Kwalejin Jami'a ta Landan, shi ya ɗauki tunanin Galton ya daidaita shi cikin 1896, ya zama ƙa'ida wadda kowa zai iya bi. Ma'aunin ya kan tashi daga sifiri zuwa ɗaya. In abu biyu ba ruwan wani da wani, sifiri ne. In kuwa duk inda ɗaya ya taka nan ɗayan ya ke takawa, to, ɗaya ne cif. In ɗaya na hawa ɗayan na sauka, sai a sa alamar ragi.

Har yanzu abu biyu ke nan. Wanda ya kai lissafin ga abubuwa da yawa, ya kuma ɗora shi bisa rayuwar talakawa, wani saurayi ne mataimakin Pearson, George Udny Yule, mutumin Sikotilan, wanda da fari aikin injiniya ya koya. Ya kamata mu tsaya kansa kaɗan, domin duk abin da ya biyo baya, da alherinsa da hatsarinsa, yana cikin aikin nan nasa.

A zamanin, Ingila tana aiki da dokar matalauta ta 1834. An raba ƙasa gunduma-gunduma, wajen 600, kowace da hukumar da ke kula da gajiyayyu. Hanya biyu ce ta taimako. Ko dai a ɗauke mutum a kai shi wani gida da a ke kira gidan aiki, inda a kan raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, a ba mutum aiki mai wuya kamar fasa dutse, a ciyar da shi. Ko kuwa a bar shi gidansa a riƙa ba shi ɗan abin masarufi. Gardama ta yi zafi tsakanin manya. Wasu suka ce ba mutum taimako yana kwance a ɗakinsa shi ke koya wa jama'a lalaci. Wani attajiri mai jiragen ruwa, Charles Booth, wanda ya kashe dukiyarsa wajen binciken talauci a Landan, ya buga littafi cikin 1894 ya ce bai ga wata alaka ba tsakanin yawan taimakon gida da yawan matalauta. Yule ya duba alƙaluman Booth ɗin da kansu, ya ce akwai alaka, ido ne kawai bai gan ta ba.

Amma ya san za a ce masa, watakila gundumar da ta fi ba da taimakon gida tsofaffi ne suka yi mata yawa, ko kuwa samarinta sun watse zuwa birni. Saboda haka cikin 1899, yana ɗan shekara 28, ya fito da wani aiki babba. Ya ɗauki ƙidayar 1871, da ta 1881, da ta 1891. A kowace gunduma ya fid da abu huɗu: yadda yawan matalauta ya sāke cikin shekara goma, da yadda taimakon gida ya ƙaru ko ya ragu, da yadda yawan tsofaffi ya sāke, da yadda jama'ar gundumar duka ta ƙaru ko ta ragu. Sa'an nan ya yi lissafin da zai ba kowane sababi rabonsa. Mu koma ga manomanmu don a gane. Da za ka sami gonaki ɗari masu ƙasa iri ɗaya, da ma'aikata daidai wa daida, bambancinsu taki kaɗai, ai da ka san aikin taki. To, irin waɗannan gonaki ba a samunsu a duniya. Lissafin Yule shi ke daidaita su bisa takarda, ya cire rabon laima, ya cire rabon ma'aikata, abin da ya saura ya ce na taki ne.

Amsar da ta fito ita ce, ko an cire rabon tsufa da na ƙaruwar jama'a, inda taimakon gida ya ƙaru, matalauta sun ƙaru. Masu son a tsananta suka sami abin kafa hujja. Amma can ƙasan wani shafi, da ƙananan baƙaƙe, Yule ya sa wata 'yar magana, ya ce in za a bi ainihin gaskiya, duk inda ya rubuta abu kaza shi ya jawo kaza, a karanta shi da cewa tare su ke tafiya. A ganina wannan 'yar magana ta fi sauran shafuffukan nauyi. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ofis ya sani littafi ba ya ƙidaya kowa sai wanda ya zo aka rubuta shi. Matalauci a alƙaluman Yule shi ne wanda ya karɓi taimako. Tsohuwar da ta ji tsoron gidan aiki, ta zauna ɗakinta da yunwa, ba ta cikin lissafi, gundumarta kuwa sai ta fito bisa takarda kamar ta rage talauci. Lissafin bai yi kuskure ko na anini ba, abin da ba a ba shi ba ne ba zai auna ba. Yule da kansa bai bar wannan damuwa ba. Cikin 1926 ya nuna wa 'yan'uwansa masana cewa daga 1866 zuwa 1911 yawan auren da a ke ɗaurawa a Cocin Ingila da yawan mace-mace sun yi ta raguwa tare, har ma'auni ya kai 0.95, alhali kowa ya san barin ɗaurin aure a coci ba shi ke tsawaita rai ba.

To, a wannan zamani ina mutum zai koyi irin wannan aiki? Ba aji, ba jarrabawa ta musamman. Sai dai ka tafi ɗakin Pearson ka zauna, kamar yadda almajiri ya kan zauna zauren malami, ka yi ta juya hannun wani injin lissafi da a ke kira Brunsviga daga safe har yamma. Da yawa cikin masu juya injin nan mata ne. Ɗaya daga cikinsu, Alice Lee, ta nemi digirin dokta na kimiyya da wani bincike da ya ta da ƙura. Likitocin zamanin sun gaskata cewa girman ƙoƙon kai shi ke nuna hankali, tun da kuwa kan mace bai kai na namiji ba, sai suka ce hankalinta ma haka. Ƙoƙon matacce ana iya cika shi da ƙwaya a auna cikinsa, amma na mai rai fa? Sai ta haɗa awo uku, tsawon kai, da faɗinsa, da tudunsa, ta fid da ƙa'idar da za ta ƙiyasta girman cikin. Cikin 1898, a wani taro na masanan jikin ɗan Adam a Dublin, aka auna kawunan maza 35 daga cikinsu. Ta jera sunayensu bi da bi, daga mai babban kai zuwa mai ƙarami, sai ga waɗansu mashahuran cikinsu can wajen ƙarshe. Masu jarraba ta suka yi ta ja, sai da Pearson ya sa baki, sa'an nan Jami'ar Landan ta ba ta digirin cikin 1901.

Cikin 1911 Pearson ya buɗe sashen koyar da ƙididdiga a kwalejinsu, shi ne na fari a jami'o'in duniya. A nan tilas a faɗi wata magana marar daɗi. Galton da Pearson ba don sha'awar lissafi kaɗai suka yi wannan wahala ba. Suna da aƙidar cewa waɗansu jinsunan mutane sun fi waɗansu tun daga jini, ya kamata kuma hukuma ta ƙarfafa haihuwar waɗanda ta ga sun fi, ta rage ta sauran. Galton ya rubuta cikin 1869 cewa baƙar fata suna ƙasa da Turawa wajen basira. Pearson kuwa cikin 1925 ya auna 'ya'yan Yahudawa baƙi a Landan, ya yanke musu irin wannan hukunci. Dukiyar da Galton ya bari ita ta kafa kujerar da Pearson ya hau. Ba a daɗe ba, cikin 2020, kwalejin ta cire sunayensu biyu daga jikin gine-ginenta saboda wannan. Ma'aunin da suka ƙera na kirki ne, har gobe ana aiki da shi, amma bai hana masu shi ganin abin da zuciyarsu ta riga ta so gani ba.

Daga nan fannin ya yi rassa. Charles Spearman, wanda ya yi shekara goma sha biyar yana hafsan soja kafin ya koma karatu, ya lura cikin 1904 cewa yaron da ya iya Latin galibi ya kan iya Faransanci da lissafi har da kiɗa, ya ce lalle akwai wani ɓoyayyen abu guda da ke ƙarƙashinsu duka. Wani malami a Shikago, Louis Thurstone, ya yi wa ɗalibai 240 jarrabawa iri 56, ya buga sakamako cikin 1938, ya ce ba ɗaya ba ne, wajen bakwai ne. Mai karatu ya dubi wahalar: in za a gwada kowace jarrabawa da kowace, sau 1,540 ke nan za a yi lissafin Pearson, da hannu. Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a gonar gwaji ta Rothamsted cikin 1919, ya nuna cikin 1936 yadda za a haɗa awo huɗu na fure a rarrabe irinsa. A Kalkata ta ƙasar Indiya kuma, Prasanta Mahalanobis ya kafa Cibiyar Ƙididdiga ta Indiya cikin 1931, ya fid da hanyar auna nisan da ke tsakanin al'umma biyu in an haɗa awo da yawa.

Wani almajirin Mahalanobis, C. R. Rao, labarin digirinsa ya taɓo nahiyarmu. Tsakanin 1910 da 1914 an haƙo ƙasusuwan mutanen dā a Jabal Moya, cikin ƙasar Sudan, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, aka kwashe su zuwa Ingila. Cikin 1946 Jami'ar Kambirij ta nemi wanda ya san hanyar Mahalanobis ya zo ya auna su, a san da waɗanne al'ummai suka yi kama. Aka aika Rao. Yana wannan aiki ya roƙi Fisher ya zama malaminsa, Fisher ya yarda, amma da sharaɗin ya riƙa zuwa ɗakin da ya ke kiwon ɓeraye don binciken gado, ya taya aiki. Ya sami digirinsa cikin 1948, ya zama ɗaya daga cikin manyan fannin, bai rasu ba sai cikin 2023, yana da shekara 102.

Duk waɗannan karatun zaure ne, kowa da malaminsa. Mayar da shi karatun aji mai tsari, wannan aikin Amurka ne. Shi digirin dokta irin na bincike daga Jamus ya fito, bayan kafa Jami'ar Balin cikin 1810. Jami'ar Yale ta fara ba da shi a Amurka cikin 1861, Okusfod kuwa ba ta karɓe shi ba sai 1917. Amurkawa suka ƙara masa wani abu nasu, watau sai ɗalibi ya zauna aji shekara ɗaya ko biyu, ya ci jarrabawa, kafin a bar shi ya fara bincike. Amma wa zai koyar da ƙididdiga a ajin? Harold Hotelling, malami a Jami'ar Kolambiya ta Niyok, wanda ya je Rothamsted cikin 1929 ya zauna wurin Fisher, ya kuma ƙago hanyoyi da dama na wannan fanni cikin shekarun 1930, ya tashi gaban taron masana cikin 1940 ya fasa ƙwai. Ya ce abin da ke faruwa shi ne, kowane sashe na jami'a ya kan ga ɗalibansa na bukatar ƙididdiga, sai a dubi wani ƙaramin malami wanda ya taɓa jin ƙanshinta, a ce shi zai koyar. Shi kuwa ba ya iya karanta rubutun masanan fannin don lissafinsa bai kai ba, sai ya ɗauko littafin da wani irinsa ya rubuta, ya karantar da kurakuran da ke ciki, almajiransa su ma su tafi su karantar. Maganin da ya kawo shi ne a ba ƙididdiga sashenta, a sa waɗanda suka san tushenta su koyar. Cikin 1946 ya koma Jami'ar Karolina ta Arewa ya kafa irin sashen da ya ke faɗi. Cikin 1958 kuma T. W. Anderson ya buga littafin da ya tattara ƙa'idodin fannin wuri guda, ɗalibai suka sami abin biyawa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tura abin gaba ƙwarai. Rundunar sojan Amurka ta sa Samuel Stouffer, wanda shi ma ya je Landan ya koyi aikin, ya shugabanci yi wa soja fiye da rabin miliyan tambayoyi. Cikin abin da aka gano akwai na mamaki. 'Yan sandan soja, inda ƙarin girma ya ke da wuya, sun fi sojan sama gamsuwa da yadda a ke ƙarin girma, alhali a sojan sama ne aka fi samunsa. An daidaita muƙami, da zurfin karatu, da daɗewa cikin aiki, abin bai sāke ba. Ashe mutum da na kusa da shi ya ke gwada kansa. A zamanin nan amsar kowane mutum a kan huda ta ne jikin wani kati mai layi 80, inji ya rarrabe katunan ya ƙidaya. Da kwamfuta ta shigo jami'o'i, ɗalibi ya kan ɗauki akwatin katunansa ya kai ɗakin na'ura, ya koma gida ya kwana, in da huda ɗaya da ta kauce sai a mayar masa da kayansa gobe ya sāke.

Cikin 1962 aka kafa wata ma'ajiyar alƙaluma ta haɗin gwiwar jami'o'i a Jami'ar Mishigan, shekara ta gaba kuma ta fara makarantar hutun bazara, inda ɗaliban dokta su ke taruwa daga wurare dabam-dabam su koyi abin da babu mai koya musu a jami'arsu. Har yanzu ana yinta kowace shekara. Aikin da ya nuna wa masanan zaman jama'a iyakar abin da fannin zai iya shi ne na Peter Blau da Otis Dudley Duncan, cikin 1967. Sun ɗauki amsoshin maza wajen 20,000, suka jera abu biyar: karatun uba, da sana'ar uba, da karatun ɗa, da aikinsa na fari, da aikin da ya ke yi cikin 1962. Hanyar da suka bi ta wani masanin gado ce, Sewall Wright, wanda ya ƙago ta wajen 1920 yana binciken launin gashin ɓerayen Masar. Suka gano cewa matsayin uba ya kan isa ga ɗa galibi ta hanyar makaranta ne, kuma baƙar fata, ko karatunsa ya yi daidai da na farar fata, ba ya samun aiki daidai da nasa. Mata ko ɗaya ba a tambaya ba.

Shekara ɗaya bayan wannan, cikin 1968, wani ɗalibin dokta a fannin siyasa a Jami'ar Stanford, Norman Nie, da abokansa biyu, suka gaji da wahala, suka shirya wa kwamfuta wani tsari da suka kira SPSS, wanda zai yi dukan lissafin nan in an ba shi umarni kaɗan. Daga baya wasu malamai biyu a Okland ta ƙasar Niyu Zilan suka shirya wani mai suna R, wanda cikakkensa ya fito cikin 2000, kyauta ga kowa. Aikin da ya kan ci wa ɗakin Pearson watanni, yau yaro ya kan gama shi kafin shayinsa ya huce. Duncan da kansa, da ya ga yadda a ke zuba alƙaluma cikin inji ba tunani, ya yi kuka da abin cikin wani littafi da ya buga a 1984, ya ce mutane sun mai da lissafi kamar shi ne binciken.

Ga yadda karatun ya ke a yau. A Amurka ɗalibi ya kan yi wajen shekara biyu a aji, duka-duka kuwa shekara biyar ko shida, ko fiye. A Ingila ya fi gajarta, uku ko huɗu, a ƙarshe a kawo malami daga wata jami'a ya zauna ya yi masa tambayoyi baki da baki bisa littafinsa. Ya kan fara da lissafin alƙaluman da aka jera gida-gida kamar gurabun dara, da ilmin yiwuwar abu, sa'an nan hanyar Yule, da ta Spearman, da ta Wright. Bayan su akwai sababbi: yadda za a yi da yaran da ke cikin aji, ajin na cikin makaranta, makarantar na cikin gunduma, yadda za a bi mutum ɗaya shekara da shekaru, da abin da za a yi in waɗansu sun ƙi ba da amsa. Amma darasin da ya fi samun wuri cikin 'yan shekarun nan shi ne 'yar maganar nan ta ƙasan shafin Yule, watau yaushe ne ya halatta a ce abu kaza shi ya jawo kaza. Kyautar Nobel ta tattalin arziki ta 2021 ma kan wannan aka ba da ita, ga David Card, da Joshua Angrist, da Guido Imbens. Card da abokinsa Alan Krueger sun lura jihar Niyu Jazi ta ƙara mafi ƙarancin albashi cikin 1992, maƙwabciyarta Fensilbaniya ba ta ƙara ba, sai suka gwada gidajen abinci na hayin nan da na hayin can. Watau maimakon a daidaita gonaki bisa takarda, sai a nemi inda duniya da kanta ta kusa daidaita su.

Abin da ya sa aka koma ga wannan darasi, wani gwaji da aka buga cikin 2018 ya isa misali. Aka tara alƙaluman 'yan ƙwallo wajen 2,000 na manyan kulob-kulob na Ingila da Jamus da Faransa da Sifen, na kakar 2012 zuwa 2013. Aka ba ƙungiyoyin masana 29, mutum 61 ke nan, aka yi musu tambaya guda: shin alƙalan wasa sun fi ba baƙar fata jan kati? Alƙaluma ɗaya, tambaya ɗaya. Ƙungiya 20 suka ce i, akwai bambancin da ya wuce a ce katari ne. Ƙungiya 9 suka ce ba su ga isasshiyar shaida ba. Ba wai wani ya yi ha'inci ba ne. Wani ya cire rabon gurbin da ɗan wasa ya ke tsayawa a fili, tun da 'yan baya sun fi shan kati; wani ya cire rabon ƙasar da a ke wasan; wani ya ga bai kamata a cire ba. Cikin ƙungiyoyin nan 29, jerin sababai iri 21 aka samu. Aka duba ko waɗanda suka fi gwaninta da daɗewa cikin fannin bakinsu ya fi zuwa ɗaya, aka tarar ba haka ba ne.

Saboda irin wannan, wata al'ada ta fara kama ƙasa a jami'o'i da dama. Kafin ɗalibi ya buɗe alƙalumansa, sai ya rubuta tambayar da zai yi, da sababan da zai cire rabonsu, da dalilinsa na zaɓen kowanne, da hanyar lissafin da zai bi, ya ajiye takardar a wata ma'ajiya ta intanet wadda ke buga mata kwanan wata. In ya gama, waɗansu mujallu ba su karɓar aikinsa sai ya miƙa alƙaluman da umarnin da ya ba kwamfuta, domin wani a wata ƙasa ya sāke bi daga farko, ya ga ko zai fito inda ya fito.